Inda Haske Ke Tuntuɓe: Yadda Ake Saita Zaren Gilashi da Magudanar Haske

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu gyaran faiba a bakin titi, bayan katafila ta tsinke wayar da aka binne, ya ga rabin wannan magana da idonsa. Mai gyaran yakan zauna ƙarƙashin lema, ya fere rigar robar da ke jikin zaren, ya goge shi da auduga mai sifirit, ya datse bakinsa da wata 'yar na'ura, sannan ya kwantar da bakunan biyu cikin wani akwati mai allo. A allon sai ka ga sanduna biyu suna matsowa, wannan ta ɗan yi sama, waccan ta ɗan yi ƙasa, har su daidaita, sai tartsatsin wuta ya narkar da su su zama abu guda. Injin ya rubuta asarar da aka yi, galibi desibel 0.02 ko 0.03, wato kusan babu. Cikin 'yan daƙiƙu an gama.

Wannan shi ne ɓangaren aikin mai sauƙi, domin zare aka haɗa da ɗan'uwansa. Girmansu ɗaya, gilashinsu ɗaya, kuma wuta na iya narkar da su. Gizo yana saƙa ne a can ƙarshen hanya, inda zaren zai miƙa haskensa ga wani guntun silikon da bai kai farcen yatsa ba, wanda masu sana'ar ke kira cip. A nan ba a narkarwa, girma bai zo ɗaya ba, kuma kuskuren da ido ba zai taɓa gani ba yana iya cinye rabin hasken.

Mu fara da awo, tunda duk rigimar ta awo ce. Zaren gilashin da ke ɗauko intanet daga nesa kaurinsa maikiron 125 ne, kuma sai ka jera maikiron 1,000 kafin ka samu milimita ɗaya. Da kaɗan ya fi silin gashi kauri. Amma hasken ba dukan kaurin nan yake bi ba. Zuciyar zaren kawai yake bi, wadda ba ta wuce maikiron 9 ba, sauran gilashin bango ne da ke hana shi fita. Da yake yakan ɗan ratsa cikin bangon, faɗin hasken kansa yakan kai maikiron 10. Wannan ɗigon haske shi ne kayan da za a sauke a bakin cip.

Tafiyar haske cikin zare tuni aka gama da matsalarta. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a wani ɗakin bincike a garin Harlow na Ingila, suka nuna cewa ƙazantar da ke cikin gilashi ce ke shanye haske, kuma in aka tace shi har asarar ta sauko ƙasa da desibel 20 a kowace kilomita, zai yi aikin sadarwa. A 1970 mutum uku a kamfanin Corning na Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka fitar da zaren da ya cika wannan sharaɗi. Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Zaren yau asararsa kimanin desibel 0.2 ce a kilomita.

Desibel ɗin nan kada ya tsorata kowa. Asarar desibel 3 tana nufin rabin hasken ya tafi. Desibel 1, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Desibel 20 kuwa, ɗaya cikin ɗari ne ya rage. To ka lissafa: haske yakan yi tafiyar kilomita 15 cikin zare kafin ya rasa rabinsa, amma a mahaɗar da ba a saita da kyau ba, wannan rabin zai tafi a tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. A cikin manyan cibiyoyin adana bayanai, inda zaren kan yi mita 500 ko kilomita 2 kawai, abin da bakin ƙofa ke ci ya fi abin da hanyar gaba ɗaya ke ci. Ɗan kasuwar da ya ratso daji lafiya, aka kwashe masa kaya a ƙofar gari.

Mece ce magudanar hasken? A saman cip ana sassaƙa wasu siraran hanyoyi na silikon, haske na bin su kamar yadda mai lambu ke jan ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Wata hanyar ta kai shi inda ake kunna shi ana rage shi don a rubuta bayanai a jikinsa, wata ta raba shi biyu, wata ta ware launukansa, wata ta kai shi inda za a mayar da shi lantarki a karanta. Irin magudanar da aka fi yi faɗinta nanomita 450 zuwa 500 ne, tsayinta nanomita 220. Nanomita 1,000 ne ke yin maikiron ɗaya. Wato faɗinta rabin maikiron, tsayinta bai kai rubu'i ba. In aka gwada fili da fili, ɗigon hasken zaren ya ninka bakin magudanar sau ɗaruruwa. Kamar ka kafa tiyon injin ban-ruwa a bakin bututun tawadar biro ka ce ruwa ya shiga. In aka haɗa su haka kai tsaye, abin da ke shiga bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Mai hankali zai ce, to me ya hana a yi magudanar da girma? Ana yin hakan. Akwai magudanai na gilashi zalla, irin waɗanda ke cikin 'yan akwatunan da ke raba faiba ɗaya zuwa gidaje da yawa, kuma su haɗa su da zare ba wuya, don haskensu kusan girman na zaren ne. Sai dai gilashi ba ya riƙe haske da ƙarfi. Gilashi yana rage gudun haske kusan sau ɗaya da rabi ne, silikon kuwa kusan sau uku da rabi, kuma wannan tazara mai yawa tsakanin silikon da gilashin da ke kewaye da shi ita ke matse hasken a ciki. Saboda matsewar nan, magudanar silikon na iya shan kwana mai tsanani cikin 'yan maikiron ba tare da hasken ya zube ba, alhali ta gilashi sai an ba ta milimitoci ta yi kwana a hankali kamar tirela. Da silikon ana cusa ɗaruruwan sassa a guntu ɗaya, kuma ana ƙera shi a masana'antun da ke yin cip ɗin kwamfuta, dubbai a lokaci guda. Ƙanƙantar ita ce ribar, ita ce kuma ta haifi matsalar.

Akwai wani abu da kan ba mutane mamaki. Za ka ɗauka asarar a wajen shiga ce kawai, daga babba zuwa ƙarami, amma daga ƙarami zuwa babba ai tsinke ne a bakin rijiya. Ba haka ba ne. Asarar ɗaya ce ta kowace fuska. Hasken da ya fito ta ƙaramar kafa bazuwa yake yi ta ko'ina, kuma iya ƙanƙantar kafar iya bazuwarsa. Zaren kuwa hasken da ya zo masa kusan a miƙe kawai yake karɓa, wanda bai karkace da fiye da 'yan digiri ba. Saura ya ratsa bango ya ɓace. Don haka ba dacewa da rami kaɗai ake nema ba. Ana so siffar hasken da ke wannan gefe ta yi kama da siffar da wancan gefe ke iya ɗauka, a girma da zagaye da inda ya fuskanta.

Dabara ta farko da za ta zo wa kowa ita ce mazurari: a faɗaɗa bakin magudanar. Ana iya faɗaɗa shi ta gefe, amma tsayinsa na nanomita 220 yana nan, don kaurin shimfiɗar silikon ɗin ke nan. Sai ka samu haske mai faɗi kamar tabarma, zaren kuma zagayayye yake so. Abin da ya yi aiki kishiyar wannan ne. Masu bincike a kamfanin NTT na Japan a 2002, da ƙungiyar Michal Lipson a Jami'ar Cornell a 2003, sun nuna cewa in aka yi ta siranta magudanar a hankali har bakinta ya koma ƙasa da nanomita 200, sai ta kasa riƙe hasken a cikinta. Hasken ya fito ya kumbura a kewayenta, amma bai rabu da ita ba, kamar ruwan da ke gangarowa ta jikin igiyar guga. Da wannan ɗigon hasken kan kai maikiron 2 ko 3. A kai shi 10 kuwa sai an ƙara aiki, domin gilashin da ke ƙarƙashin magudanar maikiron 2 zuwa 3 ne kawai, kuma in hasken ya kumbura ya taɓo silikon ɗin da ke ƙasa, sai ya zurare ciki. Wasu sukan ƙwaƙule silikon ɗin da ke ƙasan a bar bakin a rataye, wasu su ɗora ƙarin shimfiɗu na wani sinadari a sama. Wasu kuma sukan bi ta ɗaya gefen, su fiƙe bakin zaren ya zama kamar gilashin tattara haske, ya matse ɗigonsa ya sauko inda cip ɗin yake.

Wannan hanyar ta gefen cip tana karɓar launuka da yawa a lokaci guda, asararta kuma kan sauko kusa da desibel 1 in an yi da kyau. Laifinta shi ne sai an yanka cip ɗin, gefensa ya yi sumul, kafin a san ko yana aiki.

Hanya ta biyu ta sama take bi. A Jami'ar Ghent ta Beljiyam, tare da cibiyar bincike ta imec, Dirk Taillaert da abokan aikinsa a ƙungiyar Roel Baets sun fito da ita fili a farkon shekarun 2000. Ana faɗaɗa magudanar ta kai faɗin hasken zaren, sannan a yi mata tsaga-tsaga a jere kamar haƙoran matsefi, tsakanin kowace tsaga da ta gaba kimanin maikiron 0.6. Kowace tsaga tana watsa ɗan haske, kuma an auna tazarar yadda duk abin da suka watsa zai haɗu ya tashi sama ta fuska ɗaya. Zaren na tsaye a kai yana jira, an ɗan karkata shi kamar digiri 10, don in ya tsaya cak wani hasken kan koma baya ta inda ya fito. Amfaninta babba ne ga masana'anta: tun cip ɗin yana jikin faifan silikon mai faɗin milimita 300, ba a yanka ba, ana iya sauko da zare a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ware marasa kyau kafin a kashe musu kuɗi. Kuma tana da haƙuri, in an kauce da maikiron 2 ma ƙarin asarar ba ya wuce desibel 1. Amma tana da tsirfa. Launin da aka auna ta da shi da maƙwabtansa na kusa kawai take so, irin ta farko-farko kuma rabin hasken ko fiye take zubarwa. Kamfanin Luxtera na Kalifoniya a kan wannan hanya ya gina kayansa, kuma Cisco ya sanar da sayensa a 2018 a kan dala miliyan 660.

Duk wannan gyaran siffa ne. Saitin kansa bai zo ba tukuna.

Zaren da ke gaban cip yana iya kaucewa ta fuska shida: sama ko ƙasa, dama ko hagu, gaba ko baya, sannan ya ɗaga kai ko ya sunkuya, ya juya gefe, ko ya murɗe a kan kansa. Yawan kaucewar da za a iya jurewa ya danganta da girman ɗigon hasken. In ɗigo biyu masu faɗin maikiron 10 ne, kaucewar maikiron 1 ba ta cin ko desibel 0.2, sai an kai maikiron biyu da rabi kafin a rasa desibel 1. In kuwa an matse ɗigon ya koma maikiron biyu da rabi, kaucewar maikiron 1 kusan rabin hasken take ci. Kuma asarar ba a hankali take hawa ba: in kaucewar ta ninka biyu, desibel ɗin da aka rasa ya ninka huɗu.

Murɗewar ma tana da nata labarin. Haske kaɗawa yake yi yayin tafiya, ko a kwance ko a tsaye ko tsakani, kuma magudanar silikon ba ɗaya take ɗaukar su ba. Zaren yau da kullum yana hautsina wannan kaɗawar duk sanda aka lanƙwasa shi ko zafi ya canza. Inda ake buƙatar ta tsaya a fuska ɗaya, kamar tsakanin leza, wato fitilar da ke samar da hasken, da cip, akan yi amfani da wani zare na musamman mai sanduna biyu a gefen zuciyarsa. In ka duba bakinsa a madubin ƙara girma kamar fuskar dabbar panda yake, da sunan ma ake kiransa. Shi wannan sai an juya shi idanun nan biyu sun zauna daidai kafin a ɗaure.

Tsohuwar hanyar saiti, wadda har yau ita ce mafi kyawun sakamako, ita ce a kunna hasken a yi ta lalube. Wanda ya taɓa saita dish ɗin satalayit ya san ta: ɗaya na kan rufi yana juyawa, ɗaya na ɗaki yana kallon talabijin yana cewa ya kawo, ya ɗauke, koma baya kaɗan. Bambancin kawai shi ne a nan na'ura ce ke juyawar, ma'aunin haske ne ke ihun. Akan ɗora zaren kan wani ɗan teburi mai ƙafa shida da ke motsi ta duk fuskokin nan, wani lokaci da taimakon wani irin tangaran da ke miƙewa 'yan nanomita in an ba shi lantarki. Kamfanonin Jamus irin su Physik Instrumente da ficonTEC sun yi suna a wannan. Mafi cin lokaci shi ne samun hasken farko, domin kafin a same shi ma'aunin ba ya nuna komai, na'urar makauniya ce, sai ta yi ta zagaye tana faɗaɗa da'ira har ta ci karo da ɗan ƙyalli. Daga nan sai hawan tudu: ta matsa nan, in haske ya ƙaru ta ci gaba, in ya ragu ta dawo, har ta tsaya a ƙololuwa.

Zaruruwa 8 ko 12 ko 16 ba ɗaya-ɗaya ake saita su ba. Ana jera su tun farko cikin wani tubalin gilashi, tsakaninsu maikiron 127 ko 250. A kan cip ɗin kuma akan zana wata magudana mai siffar ƙugiya da ta haɗa kafar farko da ta ƙarshe, ba ta da wani aiki sai na saiti. A tura haske ta zaren farko, a jira shi ta na ƙarshe. In waɗannan biyun sun zauna, na tsakiya sun zauna.

Sai kuma a zo ɗaurewa, nan ne ake kukan targaɗe sai ga karaya. Gam ake sawa, irin wanda ke daskarewa in an haska masa wani haske na musamman, kuma gam in zai daskare tsukewa yake yi. Ka sha wahala ka kai ƙololuwa, gam ya ja zaren rabin maikiron gefe. Masu aikin sukan rage kaurin gam ɗin iya yiwuwa, su sa shi daidai ta kowane gefe don jan ya kashe juna, ko su kauce da gangan tun farko ta yadda tsukewar za ta dawo da zaren inda ake so. A kayan da ake rufewa cikin gwangwanin ƙarfe, walda ake yi da leza, ita ma in ƙarfen ya huce yakan ja, sai a ƙara harbinsa ta ɗaya gefen a dawo da shi. Bayan haka ga zafi da sanyi. Silikon yana buɗewa da kimanin kashi 2.6 cikin miliyan a kowane digiri, tataccen gilashi kuwa kusan 0.5. Abin kamar wasa, amma a faɗin milimita 10, in zafi ya canza da digiri 100, bambancin ya kai maikiron 2. Shi ya sa akan zaɓi tubalin daga irin gilashin da buɗewarsa ta yi kusa da ta silikon. Kafin a sayar da irin waɗannan kaya akan yi ta kai su daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa zafin digiri 85, a kuma ajiye su cikin zafi da laima na ɗaruruwan sa'o'i, a ga ko saitin zai motsa.

Ka lura da abin da ke faruwa a nan. Cip ɗin an yi shi tare da dubban 'yan'uwansa a faifai ɗaya, amma saitin kowanne sai an zauna da shi shi kaɗai, a kan na'ura mai tsada, ana ƙirga daƙiƙu. Shi ya sa masu sana'ar kan ce harhaɗawa da gwaji su ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin irin wannan kaya, ba silikon ɗin ba.

Daga nan ne tunani na biyu ya taso: a bar lalube, a yi wa zaren mazauni ya faɗa da kansa. Silikon yana da wata baiwa da ta dace da wannan. In aka zuba masa wani sinadari ɗan'uwan sodar sabulu, ba ko'ina yake ci daidai ba. Yana cin wasu fuskokin ƙwayoyinsa da sauri, wasu kuma da ƙyar, don haka ramin da yake bari kwari ne mai gangara biyu, kullum a kusurwar digiri 54.7. Tsarin ƙwayoyin silikon ne ya yanke wannan kusurwa, ba hannun ma'aikaci ba. Faɗin bakin kwarin, wanda ake zanawa da irin na'urar da ke zana magudanar, shi ke yanke inda zaren zai tsaya. A kwantar da zaren, a danne shi da murfi, ya taɓa bango biyu, shi ke nan, ba a kunna ko fitila ba. Masu bincike a IBM sun yi shekaru a kan wannan, kuma kamfanin GlobalFoundries ya sa shi cikin tsarin ƙirarsa mai suna Fotonix da ya sanar a 2022.

Sai dai kwarin bangon zaren yake riƙewa, ba zuciyarsa ba. Zare mai kyau ma kaurinsa na iya bambanta da maikiron 0.7, zuciyarsa kuma ta kauce daga tsakiya da rabin maikiron. Waɗannan kurakurai na masana'antar zaren ne, ba yadda mai haɗawa zai yi da su. Don haka wannan hanya ba ta yiwuwa sai an riga an kumbura hasken cip ɗin ya kusa maikiron 10, inda kaucewar maikiron ɗaya ba ta da zafi. Ga shi kuma kwaruruwan suna cin fili a kan silikon mai tsada. A ganina duk da haka nan kasuwar za ta karkata, ko zuwa wani abu mai kama da shi. Mai yin guda dubu zai iya zama ya lalubi ƙololuwa. Mai yin miliyoyi zai gwammace ya rasa rabin desibel ya huta.

Wata dabarar ita ce a sa ƙananan gilasan tattara haske a gefe biyu, a buɗe hasken ya kai faɗin maikiron gommai kafin ya tsallaka. Da haka ko an kauce da maikiron da yawa ba komai, ƙwayar ƙura ma ba ta tare shi duka. Amma an gudu ne ba a tsira ba, domin iya faɗin hasken iya tsananin da yake yi a kan kusurwa, karkacewar da ba ta kai digiri ɗaya ba sai ta ɓata aikin. Wannan ba gazawar injiniya ba ce, ɗabi'ar haske ce: abin da ka samu a wuri, ka biya shi a kusurwa. Abin da ya sa cinikin ke da riba shi ne, haɗa shafaffun fuskoki biyu su kwanta a kan juna ya fi sauƙi a kan riƙe abu a cikin rabin maikiron.

Akwai ma waɗanda suka ce a bar saitin gaba ɗaya. Ƙungiyar Christian Koos a cibiyar fasaha ta Karlsruhe a Jamus ta nuna a 2012 cewa ana iya manna sassan kusa da juna ko da ba su daidaita ba, a zuba wani ruwan roba a tsakani, na'ura ta auna inda kowace kafa take, sannan leza ta zana siririyar gada ta roba a cikin ruwan, mai lanƙwasa daga wannan baki zuwa wancan. Maimakon a kai zaren inda hanya take, sai a gina masa hanya a inda ya tsaya.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu? Gudu ne. Ƙananan na'urorin da ake cusawa a gaban injinan rarraba bayanai sun tashi daga gigabit 100 a daƙiƙa zuwa 400, zuwa 800, ana shiga terabit 1.6, wato gigabit 1,600. Don a kai haka an daina wasan kunna da kashe kawai, yanzu haske matakai huɗu yake da su, kowane ƙyalli na ɗauke da ninki biyu na bayani. Amma tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta koma sulusin ta da, mai karantawa a ɗaya gefen kuma lokacin da yake da shi ya ragu. Duk desibel ɗin da aka zubar a bakin ƙofa sai an biya shi da ƙarin ƙarfin leza, ƙarin ƙarfi kuwa ƙarin wuta ne da zafi da saurin tsufan lezar. Hasken da ya daki mahaɗa ya koma baya ma yana rikita lezar, shi ya sa ake cike tazarar da gam mai hali irin na gilashi, ko a goge bakin zare a karkace digiri 8. Masu aikin faiba sun san irin wannan da koren kai.

Cibiyoyin da ke horar da ƙirƙirarriyar basira, masu haɗa dubban cip su yi aiki tare, su suka ƙara matsa lamba. Wayar tagulla ba ta iya kai irin wannan gudu nesa, don haka ake so a ɗauko sashen hasken daga gaban akwati a kawo shi jikin babban cip ɗin, a kan faranti ɗaya. Broadcom ya fitar da irin wannan injin mai terabit 51.2, Nvidia kuma ya sanar da nasa a watan Maris na 2025. Terabit 51.2 layi 512 ke nan na gigabit 100. In kowane layi zai samu zarensa na fita da na shiga, an haura zare dubu, in an haɗa launi huɗu a zare ɗaya a samu 256, duk a kewayen abin da bai fi tafin hannu ba. Zare ɗaya ya kauce, ba ƙaramar na'urar da za a zare a jefar ba ce kamar da, yanzu manne yake da cip mafi tsada a cikin akwatin.

Ga kuma tanda. Ana manna cip a kan allonsa ne ta hanyar ratsa shi cikin zafin da ke kaiwa kusan digiri 260 don dalma ta narke, gam ɗin haske da rigar zare kuwa yawancinsu ba sa jure wannan ba tare da sun motsa ba. In an ɗaura zaren kafin tanda, saitin na cikin haɗari. In an bari sai bayan tanda, ana aikin ne a kan kayan da an riga an zuba musu dukiya. Shi ya sa kamfanoni da dama, ciki har da Intel da Senko da Teramount, ke neman mahaɗar da za a iya cirewa a mayar: a saita ɗan ƙaramin sashe mai jure wuta sau ɗaya a masana'anta, shi kuma zaren ya zo daga baya a danna shi ya shige kamar fulogi. Sharaɗin da aka ɗora wa irin wannan mahaɗa shi ne, ma'aikaci ya zare ta a tsakanin injina masu huci, ya goge, ya mayar da hannunsa, kuma zaruruwa goma sha shida ko fiye su koma inda suke.